Gayyar Injin Sinsinati

Na sha wahala a kan injin nan, irin wahalar da ban taɓa sha a kan ɗan Adam ba. Har yau bayana bai koma daidai ba, in zan ɗaure takalmi sai na nemi wurin zama. Kuma ba wanda ya aike ni. Ni na ɗora wa kaina.

Ni ba ɗan boko ba ne. Firamare ma ban ƙarasa ba kawuna ya kai ni masaƙa a Kakuri, can Kaduna, aka jefa ni sashen gyara. Masu saƙa suna gaba cikin ƙara da ƙurar auduga, mu muna baya, in wani ƙarfe ya karye a jikin injin saƙa mu sassaƙa masa sabo. A ɗakinmu akwai wani ƙaton inji mai launin toka, ya fi mutum tsayi. Milin muke ce masa. Aikinsa ya riƙa cin ƙarfe a hankali har ya fitar maka da siffar da kake so, ko haƙori, ko rami, ko gefe mai santsi. A ƙirjinsa akwai haruffa da aka zuba tare da jikinsa, sun taso. Da yatsa na san su kafin in san su da ido, don kullum ni nake goge baƙin mai a tsakaninsu. Wani dattijo a wurin ya ce min sunan garin da aka ƙera shi ne, a Amurka. Sinsinati.

Ban taɓa zuwa ba, har gobe. Amma garin ya zauna min a ka. In an busa jiniyar tashi a Kakuri, ƙofofin masaƙu su buɗe, mutane su ɓarko kamar an fasa tulu, ga kekuna, ga masu ƙosai, ga masu rake, kowa da auduga a gashin ido. Sai in tsaya in ce a raina, to haka Sinsinati take, sai dai ta fi girma. Na ba ta kogi irin namu na Kaduna, na ba ta gada, na zuba mata ƙanƙara don na ji an ce can ana sanyi. Mutanenta duk na sa musu shuɗin kayan aiki, kowa da sifana a aljihun baya, ba mai gaggawa, kuma ba a ɗauke musu wuta.

Masaƙun ba rana ɗaya suka mutu ba. Yau a soke aikin kwana, gobe a rufe sashe guda, jibi a ce ku je gida sai an neme ku. Ba a neme mu ba. Da na sake bi ta wurin, ciyawa ta fi ni tsayi a bakin ƙofa, aka ce min 'yan gwangwan sun yanyanka milin ɗinmu sun loda a mota.

Yadda na zo London dogon labari ne, ba shi nake bayarwa ba. Na yi shara, na yi gadi, na wanke tukwane a gidan abinci har fatar hannuna ta saɓule. Rannan ina tafiya a Camberwell, ta wani lungu da ke bin layin dogo. Jirgin ƙasa a nan ta sama yake bi, a kan doguwar gada ta bulo, ƙarƙashinta kuma koguna ne a jere, an sa musu ƙofofi, masu gyaran mota da masu walda suna haya. Sai na ji ƙara. Ba mai ƙarfi ba, wani gurnani ne ƙasa-ƙasa, da ƙas-ƙas-ƙas a samansa kamar ana yanka kuɓewa a faranti. Ƙafata ta tsaya da kanta. Na leƙa. Ga shi nan. Wannan kore ne, ba toka ba, amma shi ne, da haruffansa a ƙirji.

Wani tsohon Bature ne tsaye a gabansa, da hular ulu, tabarau a kan hanci. Ya tambaye ni me nake so. Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, na dai ce masa na san injin. Ya dubi fuskata, ya dubi hannuna, ya miƙo min tsumma. Haka ya zama maigidana.

Na daɗe a kogon nan, har furfura ta same ni a ciki. Abin da aka daina sayarwa shi muke yi: haƙorin giyar tsohon babur, ƙarfen injin kwaɓa fulawa na masu burodi, wani abu na lif ɗin tsohon bene. Maigida ba mai surutu ba ne, ni ma haka. In jirgi ya bi ta samanmu sai shayin cikin kofi ya yi rawa, ƙura ta zubo daga bulo. Da la'asar ɗin bazara rana takan shigo ta ƙofa a kwance, ta kama tururin mai da ke tashi daga inda wuƙa ke cin ƙarfe, sai kogon ya cika da wani haske kamar cikin ruwa. A irin wannan lokaci hannuna yana kan inji, ni kuwa ba na nan. Wani lokaci ina Kakuri. Wani lokaci ina bakin kogin Sinsinati, ina kallon mutanena masu shuɗin kaya suna tsallake gada. Sai maigida ya yi tari in dawo.

Sannu a hankali maƙwabta suka canza. Mai walda ya tashi, aka buɗe gidan burodi mai tsada. Mai faci ya tashi, wasu samari masu gemu suka kafa tukwanen barasa. Maigida kuma tsufa ya fara cin ƙarfinsa. Wata safiya ya ajiye kofinsa ya ce ya gaji, ƙarshen wata zai miƙa makulli. Ƙananan kaya an sami masu so. Milin kuwa ba mai so, ya tsufa, ya yi nauyi.

Ya ce, "In kana so naka ne. Amma in wata ya ƙare yana nan, ɗan gwangwan zai zo da wutar yanka."

Ban ko yi shawara da kowa ba na ce ina so.

Ga abin da ke raina. Ƙanena yana da rumfa a Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna. In injin nan ya isa can, ina da abin komawa. In zauna a ƙarƙashin kwano, masu injin niƙa da masu famfon ban-ruwa su riƙa kawo min abin da ya karye, in sassaƙa musu, in an kira salla in rufe. Ban gina gida ba, ban sayi gona ba. Mutum ba ya komawa gida bayan shekaru haka ya zauna a benci yana kallon titi. Injin nan shi ne hanyata ta komawa, ba ni da wata.

Matata aikin kula da tsofaffi take yi, ta ga abin duniya, ba ta da lokacin mafarki. Tana ninke kaya a flat ɗinmu na Catford na gaya mata.

Ta ce, "Wace wutar za ta juya shi?"

Na ce, "Akwai janareta."

"Wane man?"

"Ke dai ki yi min addu'a."

Ta ce, "Addu'a kam kullum ina yi. Allah ya shirya min kai."

Na yi booking wajen wani Bakano mai aika motoci gida a kwantena. Ya ce zai turo mota mai ƙugiya, amma ba za ta iya kusantar ƙofar kogon ba, sai an fito da injin fili. Maigida ya ce in ɗauko masu wannan sana'a, akwai su, da kayan aikinsu. Na ce masa mu muna da mutane. Ya ce wane irin mutane? Na yi masa bayanin gayya da ɗan Turancina: in aiki ya fi ƙarfinka, noma ne ko ɗaga jinka, ka kira jama'a, su zo su yi maka, ka ciyar da su, ran da nasu ya taso kai ma ka je. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce abin da kyau.

A cikin makon ne na je Aldwych taya 'yata ɗauko kaya daga jami'arsu. Muka hau bas ta dawowa, saman bene, kujerar gaba. Yaran nan da aka haifa a nan Hausa suna ji sarai, amma amsa sai da Turanci. Ta tambaye ni me ya sa na nace wa tsohon ƙarfe. Sai na faɗa mata sunan garin. Ta ciro waya ta ce bari ta karanta min tarihinsa. Shekara da shekaru ina ɗauke da garin nan, ban taɓa tunanin a tambaya ba.

Ashe da alade garin ya fara arziki. Manoma su koro su garke-garke ta tsakiyar titi, a yanka, a zuba gishiri, a cusa a ganga, jirgin ruwa mai hayaƙi ya kwasa ya bi kogi. Kitsen da ya rage wasu suka ce ba za a zubar ba, suka riƙa yin sabulu da kyandir da shi. Jiragen ruwan kuma da inji suke tafiya, inji kuwa dole ya lalace, dole a sami mai gyara. Masu gyara suka buɗe maƙera a bakin kogi. Jamusawa suka zo da hannunsu na sana'a da barasarsu. Daga gyaran injin wani, sai suka koma ƙera injin da shi ma inji yake ƙerawa, irin nawa ke nan. Har ta kai in ana neman irinsa a duniya, garin ake dosa. Lokacin yaƙi ba a kashe wuta a masana'antun, dare da rana. Baƙaƙen fata daga kudu suka riƙa tsallako kogin neman aiki, yawanci a tura su wurin zafi, inda ake narka ƙarfe a zuba.

Na ce, "Tsaya. Wato mai yiwuwa wanda ya zuba jikin injina baƙi ne kamar ni?"

Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba.

Rana tana dukan gilashi, bas tana jijjiga, muryarta tana tafiya kamar ruwa a kwata. Muna kan gada a lokacin. Na ga aladu sun cika gadar, suna kutsawa tsakanin masu kwat da masu keke, ba wanda ya damu da su. A ƙasa jiragen hayaƙi suna jere a kogi, ana loda musu ganguna, masu lodin kuwa 'yan sashenmu ne na Kakuri, har da dattijon da ya fara faɗa min sunan garin, wanda ya rasu tun ina saurayi. Ya ɗago ya ga ni, ya ɗaga min sabulu. Wani baƙin mutum da gumi a goshi yana karkata tukunyar narkakken ƙarfe, ƙarfen yana zuba ja kamar manja, ba ya ƙarewa. Can nesa aka busa jiniya.

'Yata ta ce, "Dad, you're sleeping."

"Idona biyu. Ci gaba."

Sauran ba daɗi. Wasu ƙasashe suka fara ƙera injuna masu kwamfuta, masu sauƙi. Masana'antun garin suka riƙa raguwa, a sayar da wannan, a haɗe wancan da wani, a rufe. Wasu an rushe an yi kantuna da gidan sinima a wurin. Wasu an gyara an mai da su gidajen haya. Garin yana nan, yana wasu sana'o'in, amma ba wannan ba.

Na ce, "Su ma cewa aka yi su je gida sai an neme su?"

Ba ta gane ba. Ba ta taɓa ganin Kakuri ba. Ni kuwa na ji kamar an yi min gaisuwar mutuwar wanda ban ma san yana ciwo ba. Ashe duk shekarun nan da nake kallon mutanena suna tsallake gada, gadar ba kowa. Muka sauka a Catford. Amma abin ya ƙara min taurin kai. Na ce an yanka ɗaya a Kakuri, ba za a yanka na biyu ba.

Akwai abokina ɗan Kafancan, tare muka yi masaƙa, shi a sashen rini, yanzu gadi yake a babban asibitin Camberwell. Fasto nake ce masa, ko da yake ko ƙararrawar coci ba a ba shi riƙo ba. Na kira shi na ba shi labarin aladen. Ya yi dariya har yana tari.

"Injiniya! Ashe shekara da shekaru jikan alade kake shafawa, ka wanke hannu ka je ka yi alwala!"

"Kai dai ka zo ranar Asabar. Kuma kada ka sa takalmin coci."

"Akwai masa?"

"Akwai."

"To ko dutsen Kufena ne mu ɗaga."

Kafin ranar na rage wa injin nauyi. Na cire motar lantarkin da ke juya shi, na cire hannaye, ni da maigida muka zare teburinsa da sarƙa. A ƙarƙashin teburin, can gefen da ba ya gogayya, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙarfen yana ɗauke da zane, ƙananan karce a jere kamar ɓawon kifi, suna ƙyalli. Maigida ya ce da hannu ake yi. In an gama sassaƙa da inji, sai mutum ya zauna da ɗan ƙarfe mai kaifi ya riƙa kankarewa kaɗan-kaɗan, har fuska biyu su kwanta a kan juna, mai ya sami wurin zama. Kowane ma'aikaci da irin zanensa. Na ɗora tafin hannuna a kai. Wannan mutum yana jan hannunsa zuwa hagu, kuma a wani wuri zanen ya ɗan faɗaɗa, kamar ya gaji, ko an yi masa magana ya waiwaya. Na daɗe a tsugune.

Ranar Asabar bayan azahar suka fara zuwa. Gayyar London ba irin ta gida ba ce. Wannan daga aikin kwana ya fito idonsa ja, wancan zai shiga aikin yamma yana ta duba waya. Wani likita ɗan Zariya ya zo da farar shadda, wai daga ɗaurin aure yake. Ɗalibai biyu, direban tasi, wani ɗan Kumasi mai Hausar zango, Fasto da mutum uku daga cocinsu. Matata da 'yata suka jera kuloli a bakin kogon, masa da miyar taushe da shinkafa da zoɓo. Samarin barasa suka fito suna kallo.

Daga ƙarshe Baba Alhaji ya iso da sandarsa. Dattijo ne da ba a suna ko jana'iza a cikinmu ba tare da shi ba. Yana saurayi lodin manyan motoci ya yi a Kano, nan kuma ya tuƙa bas har ya yi ritaya. Ban gayyace shi don aiki ba, don albarka na gayyace shi. Ya zagaya injin, ya ƙwanƙwasa shi da sanda.

"Wannan ne? Ɗan wannan?"

Aka yi dariya.

Na riga na ɗaga injin da jak, na zura bututun ƙarfe a ƙarƙashinsa don ya gangara a kansu. Irin wannan inji nauyinsa a sama yake, gindinsa kuma ba faɗi. Yadda na tsara, mutum ɗaya ya riƙa tura shi da ƙarfen banƙara, ɗan kaɗan, a tsaya, a ɗauko bututun baya a kai gaba, sauran jama'a su riƙe igiya kawai. Aikin kunkuru ne. Na fara bayani. Amma ka tara mutum goma sha wani abu, sun bar barcinsu, sun biya kuɗin mota, sa'an nan ka ce su tsaya riƙon igiya suna kallon mutum ɗaya? Kuma mai gayya ba ya ba da umarni. Nasa sannu ne da godiya.

Baba Alhaji ya miƙa wa ɗalibi sandarsa, ya naɗe hannun riga.

"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ku kama, 'ya'yana. Likita, tattare shaddar nan, ba amarya a nan. Fasto, kai da mutanenka ku koma baya, ku ne masu cin doya."

Fasto ya ce, "Baba, in mun tura ya wuce Makka fa?"

"Sai ku biyo shi ku musulunta. Ɗaya, biyu, hoɓɓasa!"

Injin ya motsa.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi daɗi. Muryoyin maza suka cika kogon, bulo yana maido su. Hoɓɓasa, ya gangara. Hoɓɓasa, ya gangara. Ɗan Kumasi yana kiɗa a jikin garwa, masu cire bututu suna gudu daga baya zuwa gaba suna dariya. Rabona da jin Hausa da yawa haka a wurin aiki tun ina da gashi baƙi. Kafaɗata tana jikin ƙarfen, kafaɗar wani tana jikin tawa, warin gumi da mai da turaren likita. Injin yana tafiya zuwa hasken ƙofa kamar jirgin ruwa zai bar gaɓa, ni kuwa har na ga rumfar Panteka, na ga inda zan kafa shi, na ga inuwar kwano a kan haruffansa. Maigida yana gefe da hularsa, bakinsa a buɗe.

A bakin ƙofar akwai ɗan gangare, daga simintin kogon zuwa kwaltar lungu. Na san da shi, kullum a kansa nake shiga. Da muka kusa na ɗago.

"Baba, a nan sai a hankali, gara mu..."

"Bari, yaro. Mun loda abin da ya ninka wannan, babanka yana tallan goro. Ku kama!"

Na haura hamsin, da 'ya a jami'a, amma yaro ne. A gaban jama'a, dattijo ya naɗe hannun riga saboda ni, zan ce masa ya koma gefe? Na mayar da kafaɗata.

"Hoɓɓasa!"

Bututun gaba ya kai gangaren ya zille, ya yi tsalle ya tafi yana ƙara a kan kwalta. Injin ya sunkuya. A hankali ya yi, kamar raƙumi zai durƙusa, har na ɗauka zai fasa. Kowa ya watse. Ni ban watse ba, na rungume shi, wai zan riƙe. Na ji wani abu ya tsinke a bayana. Fasto ne ya finciko ni ta wuyan riga muka zube tare. Daidai lokacin jirgi yana wucewa a sama, don haka ban ma ji faɗuwar sosai ba, a ƙafafuna na ji ta.

Jirgin ya wuce. Wani ya ce innalillahi, wani ya ce Yesu. Aka dudduba, ba wanda injin ya danne, sai shaddar likita da ta sha baƙin mai.

Na rarrafa na je. Ya faɗi da wuyansa a kan dakalin titi, wuyan ya rabu biyu. Ƙarfen zubi haka yake, ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye. Likita ya ce ba za a yi masa walda ba? Maigida ya girgiza kai. Ko an liƙa, ba zai ƙara yanka daidai ba, kuma inji irin wannan in ba daidai, ba komai.

Na kalli cikin karayar. Waje duk fenti ne da dattin shekaru, amma ciki fes, toka-toka mai ƙyalli kamar an fasa dutsen gishiri. Tun ranar da aka zuba shi a bakin wancan kogi, wurin nan bai ga rana ba sai yau, a lungun Camberwell, a gaban gidan burodi. Na sa yatsa. Da sanyi.

Matata ce ta fara magana. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta buɗe kula ta ce, "Ku zo ku ci, masa ba ta jira." Gayya ko ta yi ko ba ta yi ba, sai an ci. Muka zauna a kan bututu da tayoyi muna ci, injin yana kwance a tsakiyarmu, mai yana tsiyaya daga cikinsa yana bin kwata. Maigida ya ci masa uku da cokali mai yatsu. Fasto ya buɗe baki zai yi wasa, ya dube ni, ya rufe.

Baba Alhaji bai ci ba. Ya karɓi sandarsa, ya sauke hannun rigarsa, ya tsaya a kan injin yana motsa baki. Na ga tsufansa a lokacin, wanda ban gani ba da ya iso. Ya juya ya bi lungu shi kaɗai, ba sallama. Wani ɗalibi ya tashi zai raka shi, Baba ya ɗaga masa hannu, ɗalibin ya koma.

Da magariba ina kwance a ƙasan falo, don gado ya gagare ni. Ina kallon silin. Na nemi rumfar Panteka a kaina, na same ta, amma ba komai a ciki sai benci. Na nemi Sinsinati, sai kantuna da wurin ajiye motoci. Matata ta shafa min man zafi, ta ce matar Baba Alhaji ta kira, wai tun da ya koma ya shige ɗaki, ko shayi ya ƙi.

Washegari da safe na kira Bakanon kwantena na ce a yi cancel. Na kira maigida na ce ya turo ɗan gwangwan, ba sai ina wurin ba. Sa'an nan na sa matata ta ɗumama sauran masa ta zuba a kwano, ta ɗaure min takalmi, na hau bas. Lif ɗin benensu Baba Alhaji ya lalace, na hau matakala ina dafa bango, ina hutawa a kowane hawa. Na ƙwanƙwasa, na yi sallama. Shi ya buɗe da kansa, ba hula.

Na durƙusa iya yadda bayan ya bari, na ce, "Baba, na zo ban gajiya."